Hannun Yelwa Mai Kitso

Duk macen da ta tashi a unguwannin da ke bayan rijiyar Kusugu a Daura, in dai tana da gashi a kanta, to ta san cinyar Yelwa. Nan ake kwantar da kai a yi kitso. Doguwa ce, baƙa, mai siririn wuya, ba ta da yawan dariya, amma in ta kama tsinke ta yi tsaga sai ka rantse da zare aka ja. Shuku, kalaba, zanen yawo, har doka irin ta tsofaffi wadda 'yan matan yanzu ko sunanta ba su sani ba, babu wanda yake gagarar ta. Daga Zango da Mashi ana kawo mata amare. Abin da mata suka fi yabo shi ne ba ta ja. A tashi daga gabanta kai ba ya zafi, gira ba ta ɗage ba.

'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Mai'adua. Aure ya kawo ta cikin Daura, gidan Malam Kalilu mai wankin hula, mutum mai sanyi wanda zai wuni a zaure bai haɗa magana goma ba. A wurin kakarta ta koyi kitso, kuma tare da kitson ta koyi ɗaya rabin sana'ar, wato saurare.

Wanda bai taɓa zama a gidan mai kitso ba bai san inda asirin gari yake kwana ba. Mai kai tana kife, mai kitso tana samanta, ido ba ya ganin ido. Abin da mace ba za ta iya gaya wa uwarta ba, sai ta faɗe shi tana kallon tabarma. Amma abin yana da ƙa'ida. Ba a cewa "ni". Sai dai a ce, "Wata mata ce can wajen su yayata." Kowa ya san ko wace ce watan, kuma ba mai tonawa. Yelwa ta ji labarin irin waɗannan mata ba iyaka. Wani lokaci ta ce, "Allah Ya ba watan nan haƙuri." Wani lokaci kuma, ba tare da yatsunta sun tsaya ba, ta ce, "Ki gaya wa watan nan ta daina wasa, ta je asibiti gobe."

Ɗanta na fari sunansa Maharazu. Mu muna faɗa don ba mu muka haife shi ba. Ita ba ta taɓa faɗa ba. Haka aka gada, uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a idon mutane, in ana yabonsa ta tashi ta ba da wuri. Ana yaye shi aka miƙa shi ɗakin kakarsa, uwar Malam Kalilu, can ya girma. Shi kuwa "Yaya" yake ce mata, yadda ya ji ƙannen ubansa suna faɗa. Ita kuma in ta matsu sai ta ce "kai", in ba ya nan ta ce "wancan".

Ya tashi yaro mai barkwanci, yana sayen awaki a ƙauyuka yana kawowa birni. Yakan tsaya a bakin ɗakinta ya ce, "Yaya, wai ranar da aka tambaye ki sunana a lahira, me za ki ce?"

"Tashi ka ba ni wuri, marar ta ido."

"Ko harafin farko, Yaya. In ji ko kin iya."

Sai ta ɗaga mataji kamar za ta jefe shi, ya ruga yana dariya. Amma ƙanwarsa Siddiƙa, wadda ita take da ikon cewa "Inna", ta ba da shaida cewa duk ranar da aka yi miyar nama, tsokar da ta fi kowace laushi a kwanon "wancan" take ɓuya, can ƙarƙashin tuwo inda ba mai gani.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, bayan an gama girbi, aka aiko yayan Yelwa ba shi da lafiya a ƙauye. Maharazu ya raka ta dubiya. Dawowarsu ta faɗo ranar kasuwar Mai'adua, suka samu wata a-kori-kura da aka danƙare da buhunan gero. Aka zaunar da mata gefe guda, maza gefe guda. Shi ya bar wa wani tsoho wurinsa ya haye kan buhuna. Ba su yi nisa ba taya ta fashe. Motar ta yi tangal-tangal, ta bar kwalta, ta kife.

Yelwa cikin wata gonar wake aka watso ta, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ta miƙe tana dube-dube, sai ta hangi hannu ya leƙo daga ƙarƙashin motar. Uwa ba ta kiran suna, amma ta san yatsun da ta haifa. Ta durƙusa ta kama shi da hannunta na dama. Maza suka yi ca a kansu, wasu na salati, wasu na gudun neman itacen da za a ɗaga motar. Yana da sauran numfashi, har an ga bakinsa na motsi. Abin da ya ce mata da abin da ta ce masa, babu wanda ya ji. Kafin a ɗaga motar, rai ya yi halinsa.

Sai da aka ɓamɓare yatsunta daga nasa, ɗaya bayan ɗaya. Ana saki suka koma suka dunƙule a kan iska. Daga ranar ba su sake buɗewa ba.

A zaman makoki can baya ta zauna, kusa da randa. Kakarsa aka yi wa gaisuwa, ita ce ta yi kuka har ta shiɗe. Yelwa ta yi ta miƙa wa baƙi ruwa da hagu, fuskarta kamar an share. Mata suka riƙa taɓa juna suna cewa, "Kai, Yelwa akwai kara! Ko ɗigon hawaye." Ku ji fa. Mace ta riƙe ɗanta yana mutuwa a ƙarƙashin ƙarfe, ta dawo gida kamar itace, mu kuma muka taru muka yaba mata. Da ta faɗi tana birgima da mun ce ta yi abin kunya. Da ta ƙame sai muka ce ta cika 'yar halak. Wannan yabon namu yana cikin abin da ya ci hannun nan, kada kowa ya zame.

Da farko an ɗauka targaɗe ne. Mai ɗori ya murza, ya lalube, ya ce shi bai ga nasa aikin ba. Aka je asibiti aka yi hoto, ƙashi lafiya lau. Likitan ya tambaye ta ko ta bugu a hatsarin, ta ce a'a. Ya tambaye ta ko akwai abin da ke damunta, ta ce alhamdu lillahi. Malam Kalilu na tsaye, Siddiƙa na tsaye. Malam ya ce a hankali, "An dai yi rashi a hatsarin." Likitan ya ce Allah Ya jiƙan rai, ya sunkuya ya ci gaba da rubuta magani. Ba jahili ba ne, ba kuma mugu ba ne. Ɗan ƙasar nan ne, ya gane ko wane ne aka rasa, kuma wane marar tarbiyya ne zai tsare uwa da zancen ɗan farinta a gaban mijinta? Kowa a ɗakin ya yi ladabi. Aka fito da ƙwayoyi.

Da ƙwayoyi suka gaza, dangin miji suka ce ai dama a daji abin ya faru, aljanin hanya ne ya shige ta. Lokacin ruƙiyya tana tashe, kowace unguwa da mai yi. Aka yi mata karatu a kunne, aka yi hayaƙi, aka shafa man habbatus sauda, aka yi ta daka wa aljani tsawa ya faɗi sunansa. Ayar Allah gaskiya ce, ba mai ja. Amma wanda ake wa tsawar ba ya nan. Yelwa ta zauna da hijabinta tana kallon ƙasa har suka gaji.

Sauran alamun kuwa a fili suke ga mai son gani. In babbar mota ta wuce ta bayan katanga, sai ta toshe kunne da kafaɗa, gumi ya karyo mata. Warin fetur yana sa ta amai. Buhun gero sai da aka fitar da shi daga ɗakinta. Ta rame har wuyan nan nata ya koma kamar sillen kara. Tabarmar kitso aka naɗe aka jingine a bayan ƙofa, mata suka koma wasu gidaje suna ƙorafin ana ja musu kai.

Hannun kuma ya ci gaba da lalacewa. Farata suka tsiro suka nutse cikin tafi. Siddiƙa, wadda a lokacin ta yi aure a maƙwabta, kullum sai ta shigo ta tura auduga da tsinke ta tsakanin yatsun, amma duk da haka wurin ya zama gyambo, yana wari. Komawarsu asibiti ta ƙarshe an gaya musu gaskiya: in ya ƙara daɗewa a haka jijiyoyin za su ƙage, ko an buɗe ba zai ƙara aiki ba, in kuma gyambon ya ci ƙashi to sai dai a yanke. Yelwa ta ji, ta ce, "Yadda Allah Ya so."

Ana cikin haka Ummukulsum ta shigo gidan. 'Yar Daura ce da ke karatun likita a wani babban gari, an turo su gida su yi 'yan watanni a asibiti. Malaminsu, Dakta Sabiru, ya haɗa su da wani bincike: su nemo waɗanda suka tsira daga hatsarin mota, kada su auna jini ko ƙashi, su zauna kawai su ji labarinsu. Ra'ayinsa shi ne firgici yana da mazauni a jiki, kuma likitan da bai iya jin labari ba rabin likita ne. A asibiti aka ba ta labarin mai dunƙulallen hannu, ta zo da 'yar rikodarta da izinin Malam Kalilu.

Ta yi yadda aka koya mata. Ta zauna daf da Yelwa, fuska da fuska, ta dube ta cikin ido don ta nuna tana saurare.

"Iya, ki ba ni labarin ranar."

"Taya ce ta fashe."

"Sai me ya faru?"

"Sai abin da Allah Ya ƙaddara."

"Ya kika ji a ranki?"

"Alhamdu lillahi, 'yar nan. Kin ci abinci kuwa?"

Ta zo, ta sake zuwa, ta kuma zuwa. Kaset ya cika da kukan akuya da dakan maƙwabta. Siddiƙa ta ja ta gefe ta gaya mata zancen Maharazu, amma sanin bai amfana mata komai ba. Duk lokacin da ta buɗe baki za ta ce "ɗanki", sai harshen ya yi mata nauyi. Ita ma a nan aka haife ta.

Ranar da ta zo sallama da hantsi ne, ana zafi kamar a soya ƙwai a ƙasa. Da yake tsakar gida ba maza, ta cire hijabi tana fifita da shi, ɗankwalinta ya zame. Yelwa, wadda ta yi watanni ba ta dubi kowa da kyau ba, ta ɗago ta ƙura wa kan ido.

"Inna lillahi. Wannan kan likita ne ko sheƙar ungulu?"

Ummukulsum ta yi saurin jawo ɗankwali tana dariya. "Karatu ne, Iya, ba lokaci."

"Karatu ya hana ki tsifa? Wa ya yi miki wannan aika-aika?"

"Wata ce a makaranta."

"Allah Ya shirye ta. Dubi tsaga kamar hanyar maye. Zo nan."

"Iya, da hannu ɗaya?"

"Tsifa ce, ba ɗinki ba. Kashe wannan abin naki mai jan ido. Ke Siddiƙa, tabarmata."

Siddiƙa ta tsaya sororo da ludayi a hannu. Sai da aka sake yi mata magana ta ɗauko tabarmar daga bayan ƙofa, ta kakkaɓe ƙura, ta shimfiɗa a inuwar darbejiya. Yelwa ta miƙe ƙafa. Ummukulsum ta kashe rikoda, ta kwantar da kai a cinyar da rabin matan unguwa suka sani, fuskarta na kallon ƙasa.

Hagu ta fara aiki, a hankali, tsinke yana shiga yana fita. Dama tana gefe a dunƙule cikin tsumma. Can Yelwa ta jefo tambaya.

"Ke ce ta nawa a gidanku?"

"Ta fari."

Tsinken ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba. "Uwarki tana kiran sunanki?"

"A'a. 'Waccan' take cewa. In ta ji daɗi ta ce 'mai littafi'."

"Yana yi miki ciwo?"

Ba a taɓa yi wa Ummukulsum wannan tambayar ba. Can ta ce, "Wani lokaci. Amma na san ƙosan da ya fi girma nawa ne."

Yelwa ta yi wani sauti a maƙogwaro, tsakanin dariya da tari. Ta tsefe layi ɗaya, ta kama na biyu. Sannan, da muryar nan da matan unguwa suka sani, wadda ba ta hawa ba ta sauka, ta ce, "Akwai wata mata can wajen garinmu."

Ummukulsum ta gane. Ta taso tana zuwa kitso, ta san ƙa'idar. Ta san in ta ɗago kai, ko ta miƙa hannu ga rikoda, labarin ya mutu. Ta ƙura wa saƙar tabarma ido, ta ce, "Ina ji, Iya."

"Tana da ɗa, na fari. Yaro ne mai tsiya, bakinsa ba ya shiru. Sunan yaron Maharazu."

A bakin murhu ludayi ya faɗi daga hannun Siddiƙa. Ba wanda ya waiwaya.

"Wata rana mota ta kife da su. Ita ba abin da ya same ta. Shi yana ƙarƙashi, daga ƙirji zuwa ƙasa. Ta kama hannunsa. Ya ce, 'Inna.' Bai taɓa ce mata haka ba, tun da ya iya magana. Ya ce, 'Inna, ke ce?' Ta ce, 'Kai, yi salati.' Ya yi, bai bar ko kalma ba. Sai ya ce, 'Inna, ba na gani. Kira ni in ji.'"

Tsinken ya ci gaba da tafiya.

"Ta buɗe baki za ta kira. Sai ta ga ƙafafun maza sun kewaye ta, ga tsofaffi, ga mutanen garinsu da suka san ta. Ta ce a ranta, bari su ɗan matsa tukuna. Ta ce masa, 'Kai, yi haƙuri, ga shi nan za su ɗaga.' Ya matse mata hannu yana jira. Ita ma tana jira. Da suka matsa suka kama itace, ta sunkuya daidai kunnensa." Ta ja numfashi. "Ya riga ya tafi. Bai ji ba. Kunyar ƙafafun mutane, 'yar nan. Ƙafafu, ko fuskokinsu ba ta gani ba."

Hawayen Ummukulsum suka jiƙa zanen da ke ƙarƙashin kumatunta. Duk abin da ta karanta ya taso mata a ka: ta ce ba laifinki ba ne, ta ce kowa haka zai yi. Ta haɗiye. Ta tsaya a cikin ƙa'idar gidan kitso.

"Iya, ita watan nan, da a ce ba kowa a wurin, daga ita sai shi, ya za ta kira shi?"

Tsinken ya tsaya. Sai Yelwa ta ɗaga fuska sama. Ba raɗa ta yi ba. Kira ta yi irin na uwar da ta gama tuwo yaro na can waje yana wasa, mai jan ƙarshe, mai tsallake katanga.

"Maharazuuu!"

Ta sake kira. Ta kuma kira, muryar ta tsage a tsakiya, kukan da ya makara ya ɓalle. Dakan maƙwabta ya tsaya cak. A zaure Malam Kalilu yana riƙe da jiƙaƙƙiyar hula zai ɗora a kan gungume. Shi ma uban ɗan fari ne, shi ma bai taɓa faɗa ba. Ya ajiye hular, ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa na girgiza.

Ummukulsum ba ta motsa ba. Kanta na kan cinyar da ke kaɗawa, hawayen tsohuwa na sauka a gashinta. Ta bar su suka sauka. Da kukan ya lafa, Yelwa ta fyace hanci da gefen zane, ta ce da dasasshiyar murya, "To, kin ga an bar kai rabi a tsefe." Ta koma kan aiki.

A ƙeya akwai wani ƙulli da ya cukurkuɗe, hagu ta yi ta fama ya ƙi. Can Ummukulsum ta ji wani abu mai nauyi da tauri ya sauka a kanta ya danne gashin. Dunƙulallen hannun ne. Sannan ta ji, a fatar kanta, babban yatsa ya ɗaga kaɗan, bai fi kaurin ƙwayar dawa ba, ya kama silin gashi ya riƙe. Siddiƙa ta gani da idonta, ta toshe baki da hannu biyu don kada ta yi ihu ta kore shi.

Iyakar abin da ya faru ranar ke nan, kuma kada wani ya ƙara masa gishiri. Hannu bai buɗe kamar fure ba. Ummukulsum ta ɗage tafiyarta, ta kai Yelwa wurin masu gashin ƙashi, aka wanke gyambo, aka shiga miƙar da yatsu da ruwan ɗumi, azabar da take sa ta cije gefen mayafi. Aka haɗa ta da likitan da ke duba damuwar zuciya, bayan an sha fama da dangi masu cewa ai ba mahaukaciya ba ce. Ita da kanta ta ce za ta je. Sharaɗinta ɗaya, ya juya kujerarsa gefe in tana magana. Ya juya.

Kafin damina ta zagayo yatsu uku sun miƙe. Ƙaramin da na kusa da shi sun riga sun ƙage, suna nan a lanƙwashe har yau. Waɗannan biyun su ne ladan ladabinmu.

Ba kowa ya ji daɗi ba, kun san halinmu. Lami, maƙwabciyarta ta katanga, ta shigo dubiya ta kasa haƙuri. "Yelwa, ashe haka za ki zubar da kara tsofai-tsofai? Har bakin titi an ji ki."

Yelwa ta ɗaga mata hannun. "Karar ta ci biyu, Lami. Da so kike in bar mata sauran?"

Lami ta tsuke baki. Bayan sati ta dawo da kanta a tsefe, ta kwanta a cinyar, can tsakiyar kitso aka ji ta ce akwai wata mata can wajen su ƙanwarta.

Ummukulsum ta koma makaranta da kaset ɗin kukan akuya. Ta gaya wa Dakta Sabiru ta ji labari amma ba nata ba ne, ba za ta faɗa ba sai mai shi ta yarda. Ya ce haka ne daidai, ta koma ta nemi izini. Yelwa ta saurare ta, ta girgiza kai.

"Labarin nan ba ya tafiya a aljihu. Kaset yana da kan da zan kama? In suna so su zo."

Suka zo kuwa. Tun daga lokacin, duk rukunin ɗaliban da aka turo Daura sai an kawo su gidan Malam Kalilu. Tana zaɓar wadda kanta ya fi kowa lalacewa ta kwantar a cinya. Sauran 'yan matan su zauna a bayanta. Mazan suna zaure, bayan labule, tare da Malam. Ba mai rubutu, ba mai kallon fuskarta. Ta yi tsaga, ta fara, "Akwai wata mata can wajen garinmu." Kuma duk lokacin da ta zo kan sunan, sai ta faɗe shi cikakke, ba ta haɗiye ko harafi.

Wannan shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki. Ba sauƙi abin yake mata ba. Siddiƙa ta ce duk ranar da ɗalibai suka zo, uwarta ba ta iya cin tuwon ranar. An ce mata ta huta, ai an ji. Ta ce waɗanda suka ji sun tafi, waɗannan sababbi ne, kuma kowannensu wata rana wata za ta zauna gabansa ta ce alhamdu lillahi alhali tana ci da wuta. In an yaba mata ta ce, "Ni ban san jijiya ba, su suka san ta, su suka ceci ukun nan. Abin da na sani kawai, mutum ba ya fitar da na ciki in an tsare shi da ido." Dakta Sabiru da kansa ya zo sau da yawa ya zauna a zaure yana taya Malam Kalilu jera huluna a rana. An ce wata rana, suna jerawa kowa na kallon hularsa, Malam ya ce masa akwai wani mutum da ya sani.

Yanzu ta tsufa, idon ya rage, amma tabarmar ba ta sake komawa bayan ƙofa ba. Tsagarta ta ɗan karkace daga wajen dama, wanda ya san ta da can ne kawai zai lura. Har yanzu in babbar mota ta wuce takan yi shiru sai ƙarar ta ɓace. Har yanzu ba ta ja.

A zuwan ɗalibai na baya-bayan nan, wata 'yar siririya mai tabarau ce a cinyarta. Da labari ya ƙare, yarinyar ta yi tambaya, fuskarta cikin zane.

"Iya, ita watan nan, tana nan da rai?"

Yelwa ta lakato man shanu, ta raba gashi uku da yatsun nan uku, ta fara kamawa.

"Tana nan. Kitso take yi. Daina motsi."